Talla ya kawo su, tsakuwa ta kore su

Wata Laraba da dare, bayan an fito sallar isha'i, wayata ta yi ƙara. Wata Hajiya ce da ke zaune a Gesse, nan cikin Birnin Kebbi, wadda ta sayi shinkafata buhu biyu 'yan kilo goma-goma kwanaki kaɗan kafin nan. Ko gaisawa ba ta bari mun gama ba.

"Malam, ba kai ne kake cewa a rediyo shinkafarka ba ta da tsakuwa ba?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya."

"To ga Alhaji nan dafe da kunci. Baƙi muka yi daga Sakkwato, a gabansu ya tauna dutse, har sai da kowa ya ji ƙarar. Gobe ka turo a kwashe maka kayanka."

Na yi ta ba da haƙuri, na ce zan musanya mata, na ce zan mayar da kuɗi. Ta ce ita ba kuɗin ne ya dame ta ba. Da ta san shinkafar kasuwa ce irin wadda aka saba, ai da ta sa yara sun tsince, an rege, kafin a ɗora tukunya. Maganata ta yarda da ita, shi ya sa ta wanke kawai ta zuba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi, domin abin da ta faɗa gaskiya ne. Tallan da na biya da kuɗina shi ya hana ta rege shinkafar.

Na shiga wannan harka a ƙarshen 2019. Duk wanda yake Kebbi a lokacin ya san yadda gari yake. A watan Agustan shekarar gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, shinkafar waje da ke shigowa ta wajen Kamba ta yi wuya, masu raina 'yar gida suka dawo suna nemanta. Dama tun Nuwamban 2015 da Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoma rance, ba a wata magana a jihar nan sai ta shinkafa. A 2017 aka buɗe babban kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma irinsa na Labana nan cikin gari. Ni ban isa in ja da waɗannan ba, ban ma yi mafarkin haka ba. Abin da na hango shi ne ƙaramin ma'aikaci wanda albashinsa ba zai ɗauki buhu mai kilo 50 a lokaci ɗaya ba, matarsa ma tana aiki, ba ta da lokacin zama da faifai tana tsintar tsakuwa. Na ce bari in riƙa sayen shinkafa mai kyau, a cire mata tsakuwa a inji, in zuba a ƙananan buhuna na kilo 5 da kilo 10.

Tunanin ba laifi. Inda na kai kuɗin ne matsalar.

Na kwashi adashi, yayana ya ƙara mini rance, jarin ya kai naira dubu ɗari shida da 'yan kai. Kafin in sayi ƙwayar shinkafa ɗaya na riga na kashe kusan kashi ɗaya cikin uku a kan surutu. Na biya aka yi mini waƙar talla a rediyo, ana sawa safe da yamma. Na buga allunan leda na rataya a mararraba. Na biya Facebook ya riƙa nuna hotona ga mutanen Kebbi da Sakkwato. Na dami duk wanda ke da lambata da hotuna a WhatsApp, har wani abokina ya ce idan ya sake ganin buhun shinkafa a wayarsa zai toshe ni. Sunan da na raɗa wa kamfanin kuwa na Turanci ne, kalma huɗu, har da "gulobal" a ciki, alhali kaf duniyar kasuwancina ba ta wuce Badariya zuwa Bayan Kara ba. Buhunan da na fara bugawa kore ne da fari. Da suka ƙare mai bugawa ya ce babu koren, akwai shuɗi mai araha, na ce a buga. Karo na uku ruwan ɗorawa aka yi. A ganina buhu ai buhu ne.

Kuma tallan ya yi aiki, kada in zalunce shi. Watanni uku na farko waya ba ta hutawa. Na fara tafiya ina jin kaina.

Akwai wani abu da ya faru a gabana wanda ya kamata ya farkar da ni tun kafin haƙorin Alhaji, amma ban gane ba. Ina zaune a shagon wani dattijo a Badariya da nake ajiye wa kaya, muna lissafi, sai ga wata yarinya an aiko ta, kuɗi a ƙulle a gefen hijabi.

"Baba, wai in ji Mama a ba ta shinkafar nan ta rediyo."

"Wacce daga ciki?"

"Wadda ake waƙarta. Marar tsakuwa."

Dattijon ya miƙa hannu ya ɗauko wani ƙaramin buhu, ba nawa ba, ya ba ta. Ta karɓa ta tafi abinta. Na ce, "Haba Alhaji, ai tawa take nufi." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To ta faɗi sunanta ne? Ni kaina ban iya faɗin sunan nan naka ba. Wancan watan kayanka shuɗi ne, yanzu ruwan ɗorawa. Waccan kuma ta fi taka riba a wurina." Dariya na yi a lokacin, na ɗauka wayon 'yan kasuwa ne kawai. Sai daga baya na zauna na yi lissafi: ni na biya mawaƙi, ni na biya gidan rediyo, ni na sa wa Mama kwaɗayin shinkafa marar tsakuwa, wani can da ko sisi bai kashe ba ya ci cinikin.

Sai damina ta 2020 ta zo da ambaliyar da ba a manta ba. Ruwa ya shanye gonakin shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi da sauran wurare da dama a jihar, shanshera, wato shinkafa mai ɓawo da ba a sarrafa ba, ta yi tsada, ta kuma yi wuyar samu. Mutumin da na saba saya a hannunsa ya ce shi ma ba shi da ita. Ni kuwa waƙa tana ta tashi a rediyo, na biya kuɗin wata uku, masu kira suna kira. Maimakon in ce kaya sun yanke, sai na shiga kasuwanni ina tsintar duk abin da na samu: buhu uku a Jega, biyar a wani ƙauye, wata jamila ce, wata ban ma san irinta ba. Wata an shanya ta a kan tamfol, wata a gefen kwalta. Injin da na saba kai wa layi ya yi masa yawa, na kai wani da aka ce shi ma yana cire tsakuwa. Ban buɗe buhu ko ɗaya na duba ba. Na ɗinke na kai shaguna, rediyo kuma tana ci gaba da rantsuwa a madadina.

Hajiyar Gesse ita ce ta kira. Sauran ba su kira ba, sun dai daina saye.

Bayan sati biyu na tafi Argungu wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ba don neman shawara ba, don in ɗan huta da amsa waya. Gwaggo tana gumar shinkafa tun kafin a haife ni. Idan ka shiga gidanta abin da za ka fara gani rabin ganguna ne guda uku a kan murhu, baƙi ƙirin da hayaƙi, sai tamfol shimfiɗe a tsakar gida, sai mata biyu a inuwar darbejiya kowacce da faifai a cinya. Ba ta da allo, ba ta da buhu mai suna, wayarta ma 'yar rakani-kashi ce, jikokinta ke duba mata lamba. Amma a unguwarsu idan za a yi biki ko suna, ba a cewa a sayo shinkafa, sai dai a ce a je a sayo ta Gwaggo. Ranar da ba ta da ita mutane jira suke yi.

Ina nan zaune wani mutum ya zo da buhun shanshera a bayan babur, ya ce zai rage mata kuɗi sosai. Ta sa hannu can cikin buhun, ba daga sama ba, ta ɗebo, ta murza a tafin hannu, ta kai hanci, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza.

"Wagga ta sha ruwa. Ko kyauta ka ba ni ba ni gumawa."

Mutumin ya yi ta magiya, ya ce idan aka haɗa da mai kyau wa zai gane. Ta ce, "Tukunya na ganewa." Ya ɗaure kayansa ya tafi. A ranar ganga ɗaya kawai ta ɗora, biyu suka kwana ba wuta.

Da dare na ba ta labarin abin da ya same ni. Ta saurara har na gama, ta ce, "Mi kaka gaya ma mutane a rediyon?"

Na ce, "Cewa nake ba tsakuwa, Gwaggo."

"To kai ka faɗi, ɗan nan. Shinkahwa ba ta faɗi ba."

Na karanta harkar kasuwanci a makaranta, na haddace abin da Turawa ke kira maketin da abin da suke kira birandin, na rubuta a jarrabawa na ci. Amma a tsakar gidan nan na fara raba su da gaske. Ni dai yanzu na farkon ina ce masa neman kasuwa, na biyun gina suna. Neman kasuwa shi ne duk abin da kake yi don kayanka su haɗu da mai saye: ka san waye shi, ka san inda yake, ka san abin da aljihunsa zai ɗauka, ka kai masa labari. Suna kuwa shi ne abin da ke zuwa ran mutum idan aka ambaci kayanka kai ba ka wurin. Na farkon kai ne mai magana. Na biyun mutane ne ke yi da kai, a zaure, a gidan biki, a ofis, kuma ba a gayyatarka. Neman kasuwa ana iya sayensa yau da kuɗi a ga amfaninsa jibi, a daina biya ya tsaya cak kamar famfon da aka ɗauke wa ruwa. Suna ba ya sayuwa haka. Taruwa yake yi, buhu bayan buhu, shekara bayan shekara, kuma gangunan Gwaggo biyu da suka kwana ba wuta suna cikin kuɗin da ake biya.

Yawancin matasan da ke zuwa wurina yanzu idan suka ce suna son gina suna, tambari suke nufi. Su biya wani yaro mai kwamfuta ya zana musu wani abu mai ƙyalli, a buga kati, a buga riga, shi ke nan an gama. Tambari yana da amfani, zan zo kansa, amma shaida ce kawai. Ita kanta kalmar Turancin, birandin, asalinta daga ƙona fata ne, wato ƙarfen da makiyaya ke sawa a wuta su yi wa saniya shaida don a san mai ita. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san shaida ba ta sa saniya ƙiba. Tana dai gaya maka garken da ta fito, kai kuma ka riga ka san ko mai garken yana kiwo da kyau ko ba ya yi. Idan garken na banza ne, shaidar ma gargaɗi take zama. Buhuna masu ruwan ɗorawa haka suka zama a Gesse: alamar abin da za a guje wa.

Inda tambari ke da nauyi a ƙasarmu wani wuri ne da masu zane ba su cika lura da shi ba. Ba uwar gida ce ke zuwa shago ba, yaro ake aika. Yaron kuma, sau da yawa har da mai aiken, ba da rubutun boko suke riƙe kaya ba, da hoto suke riƙewa. Dubi magi. Sunan wani mutumin Suwizalan ne, Julius Maggi, kamfanin Nestlé ya mallaki kayan tun 1947, amma a bakinmu kowane ɗanɗanon miya ya zama magi, har wanda ba nasu ba muna ce masa farin magi. Idan ana son nasu na ainihi me ake cewa? Magi mai tauraro. Haka omo ya zama sunan kowane garin sabulu, indomi ta zama sunan kowace taliyar leda. Wato dole kayanka su kasance da abin da yarinya 'yar shekara bakwai za ta iya riƙewa daga ƙofar gida zuwa shago ba tare da ya zube mata a hanya ba. Kalma huɗu na Turanci da "gulobal" ba sa kai wa ko bakin lungu.

Mu 'yan Kebbi ma bai kamata a ce sai an je wata ƙasa an kawo mana misali ba. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Kabi bayan tsohuwar gabar da ke tsakani. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. An yi kusan shekara goma ba a yi bikin ba kafin a dawo da shi a Maris ɗin 2020. A duk waɗannan shekaru ba wanda ya yi tallansa, amma ka je Legas ko Fatakwal ka ce daga Argungu kake, abin da za a fara tambayarka kifi ne da gora da homa. Ranar da aka ce an dawo, Matan Fada, inda ake kamun kifin, ta cika. Wannan shi ne suna: ya yi barcin shekaru ya tashi da ƙarfinsa. Waƙata ta rediyo kuwa sati biyu da dainawa ba mai tuna amshinta.

Ga kuma Lake Rice, wadda jihohin Legas da Kebbi suka fitar tare a Disambar 2016, zamanin Ambode da Atiku Bagudu. Sunan ma dabara ce, harafi biyu na farkon sunan kowace jiha da Turanci (Lagos da Kebbi) aka haɗa. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne yadda aka nemi kasuwa: an fito da ita daf da Kirsimeti lokacin da kowane gida a Legas ke neman shinkafa, an sa buhu mai kilo 50 a naira 12,000 alhali ta waje ta fi haka nesa ba kusa ba, an yi ƙananan buhuna na kilo 25 da kilo 10, an ware wuraren sayarwa. Mutane suka yi layi. Lokaci, farashi, girman buhu, wurin saye, duk neman kasuwa ne, kuma ko ɗaya a cikinsu ba waƙar rediyo ba ce.

Nan ne kuskurena na biyu, wanda na daɗe ban gani ba. Na ɗauka neman kasuwa shi ne talla, alhali talla reshe ɗaya ne. Tun 1960 wani malamin jami'a a Amurka, Jerome McCarthy, ya kasa shi gida huɗu: kayan, farashinsu, inda za a same su, da yadda za a sanar. Ni na huɗun kaɗai na sani. Na biya Facebook ya nuna hotona a Sakkwato, inda ko shago ɗaya ba ni da shi. Ban taɓa zama da dattijon Badariya na tambaye shi nawa yake samu a buhuna, nawa yake samu a na wancan ba, alhali hannunsa ne ke miƙa wa yarinyar kaya. Ban lura cewa masu sayena ma'aikata ne ba, kuɗinsu ƙarshen wata yake zuwa, don haka tallan da ake yi ranar goma ga wata iska ce ke kwashewa.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce to ashe talla banza ne, a yi abu mai kyau kawai zai sayar da kansa. Wannan magana tana da daɗin faɗi, amma ina ganin ta kwantar da mutane da yawa. Gwaggo ta fi shekara talatin tana aiki mai kyau, sunanta bai wuce unguwa uku ba. Matar da ke Birnin Kebbi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, za ta so irin shinkafarta, za ta biya fiye da abin da ake biya a Argungu, amma ba ta taɓa jin labarinta ba, kuma ba za ta ji ba. Gwaggo tana da suna ba ta da kasuwa, ni na nemi kasuwa ba ni da suna. Da za a ce in zaɓi ɗaya zan zaɓi nata, don ita tana barci da dare ba ta tsoron ƙarar waya. Amma ba a ce sai ɗaya ba. Magana ce ta wanne ke gaba, kuma ni na sa keke gaban jaki na hau ina ta bugu.

Abin da sabon ɗan kasuwa ba ya so ya ji shi ne talla ba ya gyara kaya, yaɗa su yake yi. Idan kayan na kirki ne mutum ɗari za su sani a wata ɗaya maimakon shekara. Idan akwai tsakuwa, mutum ɗari ne za su tauna a wata ɗaya. Da ban yi rediyo ba, da gida goma ne suka ci waccan shinkafar, in bi su ɗaya bayan ɗaya in ba da haƙuri. Da kuɗina na ɗauki abin kunyata na raba wa gari.

Na rufe wata huɗu. Na kwashe sauran kayan daga shaguna na sayar a kwano a matsayin shinkafar da sai an rege, na faɗa wa kowane mai saye haka, na yi asara. Da na dawo sai na fara da tambayar da ya kamata in fara da ita tun farko: abu ɗaya da nake so a ce game da kayana idan ba na wurin, mene ne? Ba "mai inganci" ba, kowa haka yake rubutawa a buhu. Abu ɗaya: a wanke a dafa. Daga nan komai ya bi baya. Iri ɗaya nake saye, jamila, daga mutum uku da na sani da gonakinsu. Gwaggo da matan da ke aiki da ita su ke gumawa, ina biyansu fiye da abin da suke samu a da. Bayan inji, kowane buhu sai an ɗebi kwano ɗaya an baza a faifai an duba, idan aka ga tsakuwa ko ɗaya buhun ya koma inji. Idan kaya suka yanke sai in ce sun yanke. Karo na farko da na faɗi haka a waya sai da cikina ya murɗa, ina ganin ciniki yana wucewa. Mutumin ya ce to yaushe za a samu, na ce Asabar, ya ce zai jira.

Buhun kuwa fari ne da hoton jan faifai a tsakiya, ba wani ado. Mai bugawa ya sake cewa jan ya yi tsada akwai wani launi, na ce ya bari sai ya samu. Sunan Turancin yana nan a ƙasa da ƙananan haruffa saboda takardu, amma ba mai kiransa. Mai faifai ake cewa, kuma ba ni na raɗa ba, yaran da ake aika ne suka raɗa.

Tunda na ambaci takardu, ga wani abu da ni ma sai daga baya na sani. Rajistar sunan kasuwanci da ake yi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ita ce ke kare tambari ba. Tambari ofishinsa daban ne, a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya, rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Abincin da aka ƙulla a buhu ko leda da suna kuma yana buƙatar lambar NAFDAC. Ranar da kayanka suka fara suna, ranar wani zai fara tunanin buga irin buhunka, gara a ce takarda tana hannu.

Neman kasuwar ma ban daina ba, sai dai ya canja kama. Na ƙara wa masu shago riba a kowane buhu, dattijon Badariya yanzu shi ke cewa a gwada mai faifai. Na ƙulla 'yan ledoji na rabin kilo na raba kyauta ga mata masu sayar da abinci a bakin sakatariya da tasha, na ce su dafa ba tare da sun rege ba su gani. Hoto a WhatsApp daga 25 ga wata nake fara sawa. Na koma rediyo sau ɗaya, gab da azumi, sati biyu kacal, ba waƙa, murya ce kawai tana faɗin shagunan da ake samu. Duk abin da nake kashewa a shekara yanzu bai kai na watanni ukun farko ba. Ban yi arziki ba, kar a ɗauka labarin can ya nufa. Na biya yayana, ina da yara biyu masu ɗinki da kai kaya, kuma yawancin masu saye a wannan watan su ne suka saya a wancan.

Kwanan baya na kai kaya wani shago a Gesse, mai shagon yake ce mini akwai wata Hajiya da ke aiko direba duk ƙarshen wata ya ɗauki mai faifai guda biyu. Ya kwatanta mini gidan, na gane shi tun kafin ya gama. Ban sani ba ko ta san ni ne, ban kuma ce ya gaya mata ba. Na dai tambaye shi ko ta taɓa yin ƙorafi. Ya ce a'a, sai dai direban ya gaya masa har yanzu ba a ɗora tukunya a gidan sai ta sa an rege.